Gaisuwar Na Ciki

Jiya da la'asar ruwa ya kece a New Bell, kwanon rufinmu kamar zai tsage. Sai 'yata mai shekara shida ta kafa baki a cikina, ta ce wa ƙaninta da bai iso duniya ba, "Kwantar da hankalinka, ruwa ne kawai."

Nan na tuna Gwaggo, yayar mahaifina. Kafin cikin yarinyar nan na yi ɓari sau biyu, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Kullum na dawo daga ofis, Gwaggo takan gaishe ni, ta gaida na ciki daban. In aka yi tsawa, sai ta ɗora tafinta mai ƙamshin man kaɗanya a cibiyata, ta yi masa bayani.

"Haba Gwaggo, me yake ji?"

"Yana jin tsoronki. Bari ya ji muryata ma."

Yarinyar tana rarrafe Gwaggo ta rasu. Yau ita ke rarrashin masu kuka a ajinsu.

Gwaggo, Allah ya sa an tarbe ki da tattausar murya, yadda kika tarbi namu.