Mai Fiton da Sabuwar Ƙa'ida Ba Ta Sani Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda zamani yake juyawa da izininsa alhali Shi ba Ya juyawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da na ajiye aikin koyarwa, ɗana na fari ya matsa mini in zo in zauna wurinsa a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje inda yake aiki. A gidansa na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Kowace Asabar bayan azahar, shi da abokansa sukan kewaye tebur, su shimfiɗa taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya. Ɗana yana jan labari, kowannensu kuma yana magana da yawun mutum ɗaya daga mutanen ƙasar. Idan mutumin ya nufi abu mai wuya, kamar haura ganuwa, sai a jefa ƙwayoyi irin na ludo, abin da ya fito shi ne hukunci. Ƙa'idojin wasan a littafin sayarwa suke, amma ƙasar tasu ce, tun suna ɗalibai a ɗaki ɗaya a unguwar Wangsa Maju suka fara gina ta.

Labarin bai dame ni ba, domin mu ma da tatsuniya muka tashi. Ƙwayoyin ne suka tsaya mini a rai, saboda abin da na karanta wurin malamaina game da su bai bar mini damar yin shiru ba. Na gaya wa ɗana. Asabar ta gaba sai amininsa, wani injiniya Kirista mutumin Jos, ya shigo da ledar dabino, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba Malam, ƙuri'a fa? Ita ma an hana?"

"Ƙuri'a tana da asali," na ce masa.

"To madalla. Ku ci dabinon ku samu lada, ku bar mana ƙwallayen."

Shi ya wanke su, ya shanya a baranda, ya rubuta lamba a jikin kowane, ya zuba su a 'yar jakar yadi. Daga ranar da su ake wasa a gidan.

Sauran abokan sun zaɓi mayaƙa da masu siddabaru. Injiniyan kuwa mai fito ya zaɓa, a babban kogin da ya raba ƙasar biyu, ba shi da komai sai kwalekwale da gora. Duk tsawon shekarun bai taɓa dukan kowa ba. Masu buga littafin sun sha canza ƙa'idoji, kowane karo ɗana ya zauna ya gyara mutanen ƙasar su dace da sabon bugu, kamar tela da tsohuwar riga, kuma kowane karo akan samu inda za a saka mai fito.

Sai Allah Ya karɓi ran injiniyan. A wurin aiki ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Wasa ya tsaya. Ana cikin haka wani bugun ya fito, wanda ya bambanta da duk na baya. Komai ya koma cikin waya, waya ce ke yin ƙuri'a, ayari kuma yana tsallake kowane ruwa ta ƙofar siddabaru cikin ƙiftawar ido. Abokan suka koyi sabuwar ƙa'idar don kada ƙasar ta mutu, suka roƙi ɗana a dawo.

A lokacin ne matar mamacin, wadda ke haɗa kayanta a unguwar Cheras za ta koma gida, ta kira ɗana. Ta ce shekara da shekaru tana jin haushin kogin nan da ke ɗauke mata miji kowace Asabar, yanzu tana so ta gan shi sau ɗaya kafin ta tafi.

Ɗana ya same ni bayan la'asar, ya zauna a ƙasa.

"Baba, na juya mai fiton nan ta kowace fuska. Idan na bi sabon littafin, mayaƙi mai sanda yake fitowa. Idan ban bi ba, babu shi sam. Me zan nuna mata?"

Na nemi tsarin Allah daga haɗa wasa da addini, amma hanyar tunani ɗaya na sani. Na ce masa abin da aka aikata ƙarƙashin tsohon hukunci ya inganta a lokacinsa, zuwan sabo ba ya ɓata shi, saboda haka duk fiton da ya yi yana nan. Amma tunda mai shi ya riga mu, ya kyautu a yi wa mutumin nasa sutura a bakin kogin, cikin mutunci, ita ma ta shaida.

Ya girgiza kai.

"Baba, ni na raka akwatin gawarsa filin jirgi. Sau ɗaya ya ishe ni."

Ya tashi ya fita.

Ranar Asabar aka wuni ana ruwa. Matar mamacin ta zo da gurasar roti da shayi daga shagon abincin da ake kira mamak, ta gaishe ni, aka zaunar da ita a kujerar mijinta. Ni ina gefe da carbina. Aka fara wasa da wayoyi, ayarin da maƙiya suka biyo ya gudu har ya iso bakin kogi. Ɗaya daga cikin abokan, mutumin Kaduna, ya ɗaga wayarsa.

"Oga, mu buɗe ƙofa kawai mana."

"Ba ta buɗuwa a nan," in ji ɗana. "Sabuwar ƙa'ida a bakin ruwan nan take tsayawa. Kowa ya kife wayarsa."

Ya fito da jakar yadin ya ajiye a tsakiyar taswira. Ya ce mai fito yana zaune cikin kwalekwalensa, gora a cinya. Sai dai babu wanda zai yi magana da yawunsa.

"Me yake cewa idan an zo nan?" ta tambaya.

Mutumin Kadunan ya sunkuyar da kai. "Madam, cewa yake, kun ci abinci?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Haka yake yi wa duk wanda ya shigo gidanmu. Har mai gyaran famfo sai ya ci."

Ɗana ya miƙa mata jakar. Ta zaro ƙwallo, ta daɗe tana kallon rubutun mijinta. Lambar ƙarama ce, a tsohuwar ƙa'ida kuwa ma'anarta igiyar ruwa ta ja kwalekwalen nesa da mashigi. Duk suka dubi ɗana, ko zai sassauta.

"Ku bar shi haka," ta ce. "Bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba."

Haka ayarin ya haye, a makare, can ƙasa da inda ya nufa, amma babu wanda ya nutse. Da za ta tafi ɗana ya ce ta ɗauki jakar. Ta mayar da ƙwallon ciki ta ɗaure bakin.

"Idan na tafi da su, da me zai yi fito?"

Har yau ana wasan a gidan. Ƙasar duka ta koma cikin waya, sai kogin kaɗai. Duk wanda ya iso gaɓarsa yakan kife wayarsa, a tambaye shi ko ya ci abinci, sannan ya sa hannu a jaka.

Allah Ya sa albarka a gidan mai karatu, Ya tsare masa iyalinsa da aminansa, Ya haye da mu duka lafiya.