Ɗan Farin Kakata

Maƙwabciyata a nan Damagaram saƙar tabarma take yi, kuma kullum da safe takan jiƙa kaba a tasa a bakin ƙofarta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar kaba ba shi da ƙarfi, ba lalle ne mai wucewa ya ji shi ba. Ni kuwa da zarar ya shigo ɗakina sai in kasa karatu. Wata biyu ke nan ina fama da rubutun kammala jami'a, kuma abin da na zaɓa shi ne nazarin littattafan da aka rubuta kan mutanen da suka bar gari suka shiga daji neman ƴanci. Da malamina ya tambaye ni dalili, na ce masa sha'awa ce kawai. Ba zan ce ƙarya na yi ba, amma ina jin ban faɗi gaskiya ba. Bari in gaya maka ita, iyakar abin da nake tunawa. Ina yaro a lokacin, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan ji na yi daga baya na ɗauka gani na yi.

A wani ƙauye kusa da Dogo na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. Ɗanta na fari, wato babban kawuna, shi ne ya bar gari. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, bayan nan kuma rigimar iyakar gona ta taso tsakaninsa da ƙanensa, aka yi ta zama gaban mai gari. A shekarar, da aka gama yankan gero, kowa ya kwaso kayansa daga bukkar gona ya dawo gida, shi bai dawo ba. Ya ƙara nausawa gaba har inda gonaki suka ƙare, ya kafa bukka a gindin wasu duwatsu da goruba ta kewaye. Wasu suka ce ya taɓu, wasu suka ce fushi ne, zai huce. Aka shiga shekara ta uku bai huce ba.

A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ana zancensa sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Kunya ce, kuma kakata tana cikin matan da suka riƙe ta da ƙarfi. Ni kuwa jika ne, tsakanina da ita wasa ne kawai. "Mai gidana" take ce mini. Duk Lahadi da babu lakwal, wato makaranta, takan ƙulle garin gero da ɗan barkono a tsumma ta ajiye a gindin rumbu, ba ta taɓa cewa na wane ne ba.

"Mai gidana, kai da ba ka iya ciyar da iyali, tashi ka tafi yawon banzanka."

In na dawo da yamma, sai ta ce, "To, ka ga dilan naku?"

"Na gan shi, tsohuwa. Ya fi ki ƙiba."

"Rufe mini baki, mijin da ko ɗankwali bai taɓa saya mini ba!"

Sai ta yi dariya ta ci gaba da aikinta. Iyakar labarin ɗanta da take samu ke nan a mako.

Ba zan ɓoye maka ba, ina son zuwa wurin. Da damina ruwa yakan taru a kwarmin duwatsun, ciyawa ta rufe hanya har guiwata, kurciyoyi su yi ta kuka. Kullum nakan tarar da kawu yana tufka igiyar kaba a cinyarsa, wadda makiyaya ke karɓa su ba shi nono. Ba ya yawan magana. Wata rana na tambaye shi ko ba ya jin kewa.

Ya ce, "Kewar me? Nan ba mai cewa in zo, ba mai cewa in tafi."

Wannan maganar ta zauna mini. Duk ranar da mushe, wato malaminmu, ya zane ni a aji, nakan ce a raina in na girma ni ma can zan koma.

A bazarar shekara ta uku, lokacin da zafi ke hana tsuntsu ma motsi, na je na tarar da shi kwance. Ƙaya ce ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya ruɓe, ƙafar ta kumbura har ƙauri, ƙudaje sun cika bukkar. Tulunsa saura ɗan ruwa a gindi. Na je rijiyar makiyaya na cika masa, na dama masa garin. Da zan tafi ya riƙe hannuna.

"Kada ka je wurin ƙanena. Za su ɗauke ni a amalanke kamar buhu, a yi ta kallona."

Ban tuna na amsa ba. Wataƙila na gyaɗa kai.

Da na iso gida, mata sun cika tsakar gidanmu ana ɓarar gyaɗar iri. Kakata ta ce, "Dilan fa?"

Na ce, "Dilan ya taka ƙaya, tsohuwa, yana kwance ƙafa kamar taɓarya."

Da muryar wasa na faɗa, har da ɗan murmushi, domin ban san wata muryar da ake yi mata magana da ita ba. Matan suka dube ta. Ba ta ɗaga kai daga faifan da ke cinyarta ba.

Ta ce, "Mai gidana ya fara surutu, yunwa ce. A ba shi fura."

Ni sai na ɗauka ta ji, kuma babba ta ga abin bai kai a tashi ba. Ita kuwa, kamar yadda mahaifiyata ta gaya mini bayan shekaru, ta ga ina murmushi, ta ce da abin ya yi tsanani da wurin maza zan ruga. Ba ta iya sake tambayata a gaban mutane ba, da aka watse kuma ni na guje ta. Matan su ma kowacce ta ɗauka tsohuwa za ta aika a ɓoye, kada a ba ta kunya. Babu wanda ya yi mugunta a cikinmu. Na juya wannan magana a raina fiye da yadda zan iya ƙirgawa, har yau ban ga mugu ba, kuma wannan bai taɓa sauƙaƙa mini ba.

Ranar Alhamis makiyaya suka ga ungulaye suna shawagi a kan duwatsun. Ba a iya kawo shi gida ba, ba a iya yi masa wanka yadda ake yi ba. Ruwa aka kwarara masa, aka yi masa salla, aka rufe shi a nan. Kakata ta zauna zaman makoki idonta a bushe, domin uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a. Daga ranar ta fara kirana da sunana na yanka. Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Damina biyu ta ƙara a duniya.

Yanzu ina zaune da waɗannan littattafai ina ja wa kyawawan jimloli layi. Ba na cewa marubutan ƙarya suke yi. Ni ma na ga fuskar kawuna a damina, kuma ina jin ya samu wani abu da bai samu a gari ba. Sai dai na lura, in ban yi kuskure ba, cewa mafi yawan waɗanda suka ba da labarin sun dawo ne kafin su rubuta. Kuma a cikin waɗanda na karanta, da wuya ka ga wadda aka bari a gida. Ban san yadda zan sa wannan a rubutuna ba tare da malamina ya ce na fita daga batu ba.

Bara na koma ƙauyen. Ƙanwata tana kiran ɗanta na fari da sunansa daga wannan bango zuwa wancan, tana sumbatarsa a gaban surukarta, ba wanda ya dube ta. Na hau babur na nufi duwatsun. Daji ya ƙare. Gonaki sun kai har gindinsu sun wuce, an sare gorubar sai ƴan kututtura. Wanda ya gaji da mutane yau ban san inda zai dosa ba. Mai gonar, wani saurayi da ban sani ba, ya ajiye hauyarsa ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce kabari. Ya ce shi dai shekara shida yana noma wurin, bai taɓa jin akwai kabari ba. Ya tsaya yana jira in nuna masa, don ya riƙa kauce masa. Na dubi gabas, na dubi yamma, ko'ina gero ne, tsayinsa ɗaya.