Minti Goma na Selina Kambai

Duk wanda ya san Selina Kambai a cocin 'yan Najeriya da ke taruwa a Largo, nan Amurka, zai ce maka ita ce matar nan mai gyangyaɗi lokacin wa'azi. Gaskiya ne, tana yi, har da ɗan minshari wani lokaci. Amma masu dariyar ba sa faɗin cewa kwana shida take yi tana ɗaga tsoho tana kwantarwa a Woodbridge, ran Lahadi kuma ta yi kusan awa biyu a hanya kafin ta samu bencin da za ta zauna. Ni dai ban ga laifinta ba.

'Yar Kagoro ce, nas, a asibitin mishan ta koyi aiki. Mijinta ya rasu a haɗarin mota ya bar ta da 'ya ɗaya, Martina. A 1983 ta bar yarinyar, tana da shekara bakwai, a hannun wanta Katung a Kafanchan, ta shigo Amurka da bizar ziyara. Lissafinta shi ne ta ci jarrabawar nas ta nan, ta samu asibiti, ta ɗauko 'yarta cikin shekara guda. Jarrabawa ta kayar da ita sau biyu, biza kuma ta mutu tana ji tana gani. Da aka yi wa marasa takarda afuwa a 1986, sai aka ce wanda ya shigo kafin 1982 kaɗai. Ta makara da shekara ɗaya da 'yan watanni.

Wasilatu ce ta samo mata aikin Woodbridge. 'Yar Kumasi ce, mai jinyar tsofaffi, kuma ba abin da ke wuce kunnenta; "Maame" take ce wa Selina, wato uwa da harshensu.

"Wani tsoho ne ɗan Tailan," in ji Wasilatu. "Babban mutum ne a ƙasarsu, soja suka kore shi. Strok ya taɓa shi, ɓarin jiki ya shanye. Ya kori mutum huɗu, ei, huɗu cur! Amma 'yarsa ta ce duk wadda ta zauna za ta yi mata fayilin na girin kad, takardar zama. Ki je ki gwada, Maame, me za ki rasa?"

Tsohon shugaban wata jam'iyya ne, ya taɓa riƙe babban muƙami na 'yan watanni kafin wata safiya a tashi a ga tankokin yaƙi a titi. Mutanensa ba sa kama sunansa, "Than" suke ce masa, wato kamar mu ce ranka ya daɗe. Selina ta haɗa da nata ya koma Baba Than.

Ran da ta fara zuwa, yana zaune a kujera ya haɗe rai, ɓarin jikinsa na hagu a sake. Selina ba ta san komai game da Tailan ba. Ta dai ga tsoho, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda aka koya mata a gida, da za ta gifta ta gabansa kuma ta rusuna. Sai ta ga ya bi ta da kallo. Daga baya 'yarsa Malai, wadda ke aiki a banki a cikin Washington, ta gaya mata laifin huɗun da aka kora: tsayawa suke yi ƙerere a kansa, ɗaya ma har ta shafa masa kai tana ce masa yaron kirki. A ƙasarsu kai abu ne mai girma, ba a taɓa na babba. Tarbiyyar Kagoro ce ta ci mata aikin, ba takardar nas ba.

Malai ta cika alkawari. Lauya ya shigar da takardu, ya kuma yi wa Selina bayani dalla-dalla: layi ne, kuma dogo. Muddin tana aiki a gidan nan har layi ya zo kanta, za ta samu takardar zama, ta ɗauko 'yarta. In ta bar gidan, ko tsohon ya mutu, ko ya tashi, komai ya rushe, sai a koma farko. In kuma ta fita daga ƙasar, ƙofa ta rufe a bayanta.

Haka suka zauna shekara huɗu, mutum biyu da ba mai iya zuwa gida. Ita ke yi masa wanka, ita ke yi masa aski, kuma kullum sai ta nemi izini kafin ta kai hannu kansa. Ta koyi dafa masa kunun shinkafa da citta da safe. Shi kuma ya koyi cin miyar kuka, yana cewa yajinta na yara ne. Akwai akwati a bayan ƙofar ɗakinsa, a shirye, duk wata uku sai ta fito da kayan ta goge ta mayar. Bayan karin kumallo yakan kama rediyo mai gajeren zango yana neman tashar Bankok, babban birninsu, cikin ƙara. In ya gama ya miƙa mata ta nemi sashen Hausa.

Siyasar ƙasar tasu kuwa, Selina ta ji ta har ta gundure ta. Yau a ce janar wane ya ɓata da janar wane, Baba Than zai koma. Gobe a ce an shirya, ba zai koma ba. Ran Asabar tsofaffin magoya bayansa, masu gidajen abinci da direbobi, su cika falo su zauna a ƙasa, a yi ta muhawara, a ci, a watse, a bar mata kwanoni. Da farko gabanta kan faɗi duk lokacin da ta ji kalmar afuwa. Daga baya ta gane maganar komawar Baba Than kamar hadarin kaka ce, ya haɗu baƙi ƙirin, ya watse ba ɗigo. Ta daina tsoro.

A Maris ɗin 1987 ita ce ta manne wa rediyon, da aka ce rikici ya tashi a Kafanchan. Kwana goma sha tara ba labari. A kwanakin nan tsohon bai nemi Bankok ba ko sau ɗaya, ya bar mata rediyon. Da wasiƙar Katung ta zo cewa suna lafiya, akwai 'yar takardar Martina a ciki: "Mama, yaushe?" Selina ta rubuta mata cewa Kirsimetin baɗi, da yardar Allah. Lauya ne ya ce saura kamar shekara ɗaya da rabi.

Sai ga shi a damina ta 1988, bayan an yi zaɓe a Tailan, hadarin ya zubar da ruwa. Wasiƙa ta zo da hatimi: Baba Than na iya komawa, a matsayin tsoho mara lafiya, ban da siyasa. Malai ta yi kuka, magoya baya suka cika gida ran Talata. Selina ta shiga kicin ta tsaya gaban tukunya, ba abin da take dafawa. Layin ya ɗan ja baya, amma saura mata wata bakwai kawai.

Abu ɗaya ya rage. Tafiyar ta fi awa ashirin a sama, kuma kamfanin jirgi ba zai ɗauki mai shanyewar jiki ba sai da sa hannun likita. Likitan ya ce a kawo masa awon hawan jini na mako uku, safe da yamma. In jinin, a lambar sama, bai haura ɗari da sittin ba, zai sa hannu. In yana haurawa, sai a jira wata shida a sake dubawa. Ya miƙa wa Selina takarda mai layi-layi.

To, abin awon jinin gidan irin na da ne, mai famfon roba da agogo. Ka ɗaura a dantse, ka matsa, ka sa abin sauraro a kunne, ka saki iska a hankali kana jiran bugun farko. Ba wanda ke jin bugun nan sai mai awo. Kunnen Selina kaɗai ne shaida.

Ta kira Wasilatu a waya, ba don neman shawara ba, don dai ta faɗa wa wani. Wasilatu ba ta yi wata-wata ba.

"Wata shida ya ce? Ke kuma saura bakwai? Maame, Allah ne ya kawo miki! Ba kashe shi za ki yi ba. Mutumin da ya jira shekara goma sha biyu, wata shida me ne ne? Ki ƙara lamba kaɗan kawai. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ei, Selina! Martina fa? Ita ba ta jira ba?"

Selina ta ajiye wayar. Ta san afuwar ƙasar nan tasu ba ta da tabbas, wanda ya sa hannu yau gobe ana iya wayar gari da tanka a ƙofar gidansa. Ta kuma san jikin tsohon fiye da kowa, ta san wata shida a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta san shekarun Martina ma, goma sha biyu, ta fara girma a hannun matar wa.

Haushin abin shi ne jinin Baba Than bai taɓa yin kyau kamar lokacin ba. Ɗari da arba'in da takwas. Ɗari da hamsin. Murna ta zame masa magani. Kullum ta saurara, ta rubuta abin da ta ji, tana jin kamar da hannunta take kwance rufin ɗakinta. Ran Lahadi ba ta yi gyangyaɗi ba. Ta rasa ma addu'ar da za ta yi, don ba ta iya roƙon Allah ya ƙara wa tsoho ciwo, bakinta kuma ya ƙi roƙon ya sauƙaƙe masa hanya.

Rana ta goma sha bakwai, da hantsi, wani ya kira daga Bankok. Wata jarida ta rubuta cewa tsohon ya roƙi soja gafara. Baba Than ya yi ta faɗa a waya da harshensu har jijiyar wuyansa ta tashi. Yana ajiyewa lokacin awo ya yi. Ta ɗaura, ta matsa, ta saurara. Ɗari da tamanin da biyu.

Ba ƙarya a ciki. Kunnenta ya ji, idonta ya gani. In ta rubuta, ba mai cewa ta yi ha'inci, ko a gaban likita ko a gaban fasto. Biro na hannunta, takarda na kan cinyarta.

Sai dai a asibitin mishan akwai wata tsohuwar sista da ta sha buge musu hannu kan abu ɗaya: ba a auna mutum yana cikin fushi ko ya hau tudu. A ba shi minti goma ya huce, a sake, na biyun shi ne jininsa. Shekara ashirin Selina ba ta taɓa karya wannan ba, ko ga mashayin da aka kawo yana zaginta.

Tsohon yana kallon fuskarta. Shi ma ɗan siyasa ne, ya san karanta fuska, kuma ya san zancen takardunta sarai.

"Nawa?" ya tambaya.

"Baba, ka jingina. Ka rufe ido. Zan sake."

Ta zauna a ƙasa gefen kujerarsa tana kallon agogon bango. Wallahi minti goma na da tsawo. Ta tuna Martina ran da suka rabu a tashar mota, riƙe da gefen zanenta. Ta ce a ranta rijiya ta ba tsoho ruwa, ita ba za ta zama gugan da zai hana ba, sannan ta ji haushin kanta da ta faɗi hakan, don karin magana ba ya kawo yaro Amurka. Da lokaci ya cika ta tashi ta sake ɗaurawa. Ɗari da hamsin da huɗu. Ta rubuta shi a gurbin awo, na farkon kuma ta sa shi a gefe da bayanin wayar da aka yi. Likita ya karanta, ya ɗaga kafaɗa, ya sa hannu.

Malai ta yi iya ƙoƙarinta, a ba ta wannan. Ta tambayi lauya ko za a mayar da takardun kanta. Ya ce aikin jinyar mahaifinta ne aka nema, mahaifin kuma ya tafi. An sa gidan kasuwa.

A filin jirgin Dulles, Selina ce ta tura kekensa har inda aka tsayar da masu rakiya. Magoya baya sun zo da furanni, kowa ya haɗa tafin hannu ya sunkuya, shi kuma yana ɗan gyaɗa kai, don babba a wurinsu ba ya fara gaida ƙarami. Da ta durƙusa za ta yi sallama, sai ya ce ta tashi ta tsaya. Ya kamo hannunsa na hagun da na dama, da ƙyar ya haɗa su a gaban fuskarsa, ya sunkuyar da kan nan da ba a taɓawa har goshinsa ya taɓa yatsunsa. Malai ta rufe baki da hannu. Selina ta tsaya ƙerere a kansa, karo na farko cikin shekara huɗu, ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ji daɗi, ba za ta ce ba ta ji ba. Amma da aka tura shi ya shige, gajiya ce kawai ta rage mata.

Wasilatu ta ba ta katifa a falonta a Largo, ba ta kuma ce mata "ai na faɗa miki" ba sai sau biyu. Ta samo mata wata tsohuwa a Sterling wadda 'ya'yanta suka ce za su duba maganar takarda in sun ga aikinta. Lauya ya ce layin yanzu ya ƙara tsawo.

Da yammar ran Lahadi Selina ta zauna da takardar wasiƙa mai shuɗin baki. Ta rubuta "'Yata Martina," ta tsaya. Kanta na sarawa tun safe. Ta jawo jaka ta fito da abin awon jinin, wanda Malai ta ce ta riƙe, ta ɗaura wa kanta, ta ja maɗaurin da haƙori. Ɗari da saba'in da takwas.

Ta jingina da bango, ta rufe ido, ta ba kanta minti goma cif, kamar yadda aka koya mata. Ta sake aunawa. Bai sauka ba.

Ta rubuta lambar a bayan ambulan, ta ɗauki biro ta koma kan wasiƙar, tana neman yadda ake gaya wa yarinya cewa ba wannan Kirsimetin ba ne.