Minti Bakwai Daga Tashar Bas

Shekarun baya, da ƙanina ya iso Greensboro ta Amurka daga Jos, ni na nemo masa ɗaki a unguwar Glenwood. Har cika baki na riƙa yi a coci: ga bas, ga shaguna ko'ina. Mu da muka sha wuyar rashin mota, yawan shago muke dubawa kafin mu duba rufin gida.

Na san ya yi fama da giya a gida, amma shekara uku rabonsa da ita. A wurina magana ta wuce.

Bai yi wata biyu ba ya fara kirana da la'asar, in ya taso daga aiki.

"Yaya, ina tashar bas. Ki zo ki kai ni gida."

"Tafiyar minti bakwai? Ko a filin jirgi aka riƙe ƙafafunka?"

Sai ya yi dariyar yaƙe. Sau biyu na je ina mita, na uku na ce ni ba direbarsa ba ce. Ya daina kira. Shirun ya hana ni sakat: in ɗauki waya in ajiye, in rubuta saƙo in goge. Lahadi biyu bai zo coci ba.

Ran Asabar da safe na buga masa ƙofa. Warin giya ne ya fara gaishe ni. Na buɗe baki zan zazzaga faɗa, ya ce, "Zo mu taka zuwa tasha."

Muka taka. Shagon da ke jikin gidansa, gidan mai, wani shagon, wani, da wani kuma. Biyar na ƙirga, kowanne da hoton kwalba a gilashi. Waɗannan ne shagunan da na yi ta yabo.

"A gida sai na ratsa gari kafin in kai gidan burkutu, kowa na kallona," in ji shi. "Nan kuwa firijin giya na kusa da na madara. Ina iya wuce huɗu, Yaya. Na biyar ɗin ne ƙofar gidana."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa ido.

Wani Baba a cocinmu ya ba shi ɗaki a Pleasant Garden, inda ko burodi sai da mota. Ya sake fara ƙirgen barin giya daga ranar farko, kuma ya miƙe.

Bai taɓa ɗora min laifi ba, ni ce ban gama yafe wa kaina ba. Har yau in wayata ta yi ƙara da la'asar, makullin mota nake fara lalubowa kafin in ga mai kira.