Sunansa a Kan Fayilolin

Mu biyu muka rubuta manhajar rijistar ɗalibai ta wata makaranta a unguwar Federal Low-Cost, ni da abokina ɗan Madaki. Shi ne gwanin, ni ɗan rakiya, kuma bai taɓa bari na manta da haka ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, mahaifinsa ya ba ni kwamfutarsa in kwashe aikin, domin makarantar ta samo wani injiniya a Kano da zai ci gaba da kula da shi.

Na ɗaure fayilolin a ƙunshi guda na tura wa injiniyan. Washegari sai ga waya. Wai ya haɗa nasa ƙunshin daga kwafin da muka ajiye a intanet, lambar tantancewarsa, wadda ke nuna ko ƙunshi biyu iri ɗaya ne, ba ta zo ɗaya da tawa ba, shi kuwa ba ya karɓar abin da ba zai sake haɗawa ya fito daidai ba. Raina ya ɓaci. Na ce malam, ko harafi ɗaya ban taɓa ba. Ya ce ya sani, in buɗe in duba.

Ashe ƙunshin yana riƙe sunan mai kowane fayil da ranar da ya taɓa shi na ƙarshe. Sunan abokina ne reras, daga sama har ƙasa. Har da wanda ya gyara ranar jajibirin Sallah, ina tsaye a kansa ina masifa ya tashi mu tafi aski.

Maganin dai layin umarni ɗaya ne: a goge sunan mai fayil a mai da shi sifili, ranaku duk su zama ɗaya. Mutumin Kano yana da gaskiya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na yi ta jan ƙafa har hutun makarantar ya kusa ƙarewa, sannan na danna. Lambobi suka dace, ya turo min da madalla. Wallahi kunya ce ta rufe ni, sai ka ce na sa takalmin mamaci tun ba a yi sadakar uku ba.

Da na mai da kwamfutar, tsohon yana zaune a ƙofar gida. Ya shafa murfinta, ya ce, "Ɗana, aikin nasa dai yana nan da sunansa ko?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Ya yi ta sa min albarka har na hau keke.