Ranar da shanu suka ja motar Malam Sule Tela

Shekara talatin ke nan da muka kai abokina Malam Sule Tela makwancinsa a Funtua, amma har yau ba a zaman hira a ƙofar gidana a tashi ba a ambaci motarsa ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, wani Bature mai sayen auduga zai koma gida, ya sayar wa Sule wata tsohuwar baƙar mota. Mun zaci da tayoyi zai fara, ko da kujerun da ɓeraye suka mayar gida. Shi kuwa inji ya sa a gaba. Kowane noti sai da ya kwance ya goge da tsamiya da toka. Wayoyin fulogi ya naɗe su da zaren aikin wuyan riga, batir ma ya ɗinka masa 'yar taguwa. In na ce mutane jikin mota suke gani, sai ya ce tela daga cikin riga ake gane shi.

Tankin fetur ɗinta a gaba yake, kusa da inji, murfinsa ya lotse. Sule ya sa maƙeri ya yi masa sabo na tagulla. Tsohon murfin yana da 'yar huda a tsakiya, amma ya ce wannan cin tsatsa ne, kada a kwaikwayi aibi.

Ana nan aka sa bikin 'yarsa Lami da wani malamin makaranta a Malumfashi. Dangin ango suka ce za su turo babbar mota. A gaban dattawa Sule ya ce 'yarsa ba buhun auduga ba ce, a motarsa za a kai ta, ni ne direba. Da aka tuna masa uba ba ya rakiyar amarya, ya ce shi ba amarya zai raka ba, inji zai raka.

Mun ci fiye da rabin hanya, mota ta yi tari ta mutu. Sule ya ɗaga bonet, komai na walƙiya, babu abin da za a nuna a ce ga laifi. Mu huta ta tashi, mu ɗan taɓa ta sake mutuwa. La'asar ta yi, kukan Lami na al'ada ya koma na gaske. Yayar Sule, Gwaggo Asabe, ta leƙo ta taga ta ce, "Sule, in rana ta faɗi yarinyar nan ba ta ɗakinta, kai za mu sa a lalle mu kai musu."

Allah ya kawo wani Bamaguje, Nomau, yana dawowa daga gona da shanun huɗarsa biyu. Ya gama dariyarsa, ya ɗaura mana igiya. Sharaɗi ɗaya Sule ya kafa: a bar bonet a buɗe. Haka muka shiga Malumfashi, shanu a gaba, ni na zuro kai ta taga don ba na ganin hanya, Sule na tafe a ƙasa yana nuna wa jama'a kafireta.

Washegari wani direban babbar mota ya kwance murfin tankin fetur, ya ji iska ta ja, ya ce tanki ma numfashi yake so. Ya nemi ƙusa. Da zai buga, Sule ya kau da kai kamar uban da aka kai ɗansa gun wanzami. Daga ranar motar ba ta ƙara mutuwa a hanya ba.

Nakan tambayi kaina me Sule zai ce da motocin yau, waɗanda in ka buɗe gabansu baƙar roba kawai za ka gani, abu ya lalace a cire a yar. Ina jin tsaki zai yi, ya tafi neman tsamiya. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Motar ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan. Abin da ya rage shi ne halin mutumin da bai iya yin aiki rabi ba, ko da wanda ido ba zai kai gare shi ba ne. Kuskurensa ma na ƙwazo ne, ba na lalaci ba.

Bara na je gaida Lami, ta tara jikoki. Na tambaye ta ko ta yafe wa babanta. Ta ce tuni, sai dai har yau a unguwarsu in ka nemi Hajiya Lami ba mai gane ta, sai ka ce Amaryar Shanu. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Baba, da mahaifina zai dawo, da na sake shiga motar."

Allah ya jiƙan Sule, ya kyauta namu zuwan.