Taswirar da ta kai mu gonar albasa

Shekarun baya, abokina ya dawo daga aiki a kudu da wani siririn jirgin ruwa na roba mai cin mutum biyu. Duk Asabar muna dam ɗin Kazaure muna ɗan tuƙi a gefe-gefe. Sai ya ce ai masu abin ba sa nisa a ruwa sai da taswira. Ya saya ta waya, aka aiko masa da ita a naɗe cikin leda, ga layuka masu nuna zurfin ruwa. Kullum sai ya shimfiɗa ta a tabarma yana bi da yatsa, kai ka ce shi ya haƙa dam ɗin.

Ana nan sai matar yayana ta haihu a ƙauyen da suke zaune, tsallaken ruwa. Yaya ya ɗora mini kawo goron suna, ya kuma tsegunta mini cewa sunana zai sa wa yaron. Ni da ban taɓa samun takwara ba!

"Wane irin babur kuma?" in ji abokina, da na ce masa da babur zan je. "Duba nan. Wannan reshen ruwan har bayan gidansu ya kai. Kafin liman ya zauna mun isa."

Ni kuma, da yake wani lokacin kaina ba ya ja, na yarda.

Da sassafe muka ɗora ƙullin goro muka kama tuƙi. Tun ana tafiya sumul, har filafili ya fara taɓo ƙasa. Can sai jirgi ya kafe. Gabanmu ba ruwa ba alamarsa, sai fangalin albasa kore shar. Ashe ruwan damina aka zana a taswirar, mu kuwa muna tsakiyar rani. Ruwa ya janye, manoma sun bi sawunsa da shuka, kamar kowace shekara.

Abokina ya ƙura wa takardar ido. "Amma fa nan ruwa ne. Zurfinsa ma ya fi tsayin mutum."

"To sauka ka yi iyo mana!"

Ya ƙi barin jirgin, wai kar a sace. Haka muka kinkime shi a ka, goro a hammata, taɓo har gwiwa, wani dattijo yana ɗaga mana murya: "Kai samari! Jirgi a cikin albasata?" Muna ta "a yi haƙuri, Baba", ni kuwa zuciyata tafasa kawai take yi.

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa. An shafa fatiha, an watse, har an feɗe rago. Yaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa, matuƙi." Da aka gaji da jirana, wani maƙwabcinsa ne ya hau babur ya sayo goro. Sunan maƙwabcin aka raɗa wa yaron.

Tun daga ranar, ko taswirar waya ce sai na tambayi mutanen wuri kafin in bi ta. Abokina kuwa har gobe cewa yake takardarsa ba ta yi ƙarya ba, mu ne muka je a kan kuskuren lokaci.

Yaron yana firamare yanzu. In na je gidan, maƙwabcin nan ya washe baki yana "ina takwarana?", wallahi har yau sai raina ya sosu.